Man Zaitun da Na Ɗura da Hannuna

Shagon mijina a unguwar Kudai ta Makka yake, kusa da tashar motocin alhazai, kuma tsaraba muke sayarwa: dabino, carbi, darduma, turare, man zaitun. Shi haifaffen Makka ne, jikan waɗanda suka zo a ƙafa ta Sudan, Hausarsa rabi Larabci ce. Ni kuwa aure ya kawo ni daga Najeriya, don haka duk baƙon da ya zo daga gida ni ake turo wa.

In zaɓe ya ƙarato, 'yan siyasa sukan cika garin nan da Umara kamar an yi musu gayya. Ɗaya daga cikinsu ɗan jiharmu ne, yana neman kujerar majalisa. Da idona na gan shi a Harami ya ɗaga hannu yana sharɓar kuka. Da ya gama, mai hotonsa ya ce rana ta ɓata fuskar, sai ya gyara tsayuwa ya sake kukan daga farko. Na kau da kai don kada in ɓata ɗawafina da tsaki.

Washegari ya zo shagonmu da sakatarensa. Mazaɓarsa rabi Musulmi ce rabi Kirista, saboda haka tsaraba kashi biyu yake so. Limamai carbi da dabino. Fastoci kuwa man zaitun, amma ba a jarka ba, a ɗura shi a ƙananan kwalabe masu koren murfi. Sakataren ya nuna min a wayarsa takardar da za su manna in sun koma gida: man shafewa daga Urushalima, kyautar bawan Allah ga 'yan'uwansa masu bi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai man nan bai taɓa ganin Urushalima ba."

Ya yi dariya da dabino cike da baki, dabinon da ya ɗiba ba tare da ya tambaya ba. "Hajiya, su albarka suke nema, ni ƙuri'a. Kowa zai samu tasa."

Na dubi mijina, ya ɗaga kafaɗa. "Yalla, ɗura kawai. Mu zaitun muka sayar, khalas, shi ke nan. Abin da suka rubuta tsakaninsu da Rabbana."

Kwana uku ina zaune a tsakar ɗakinmu na unguwar Utaibiyya da mazurari ina ɗurawa, ina tsine wa mutumin a zuciyata, ina jin daɗin cewa ni na fi shi. Ba zan ce ban san inda kwalaben za su ba. Dangin mahaifiyata Kiristoci ne, ita kaɗai ta musulunta da ta auri babana. Ƙanwarta, wadda nake kira Inna, ita ta goye ni, kuma a mazaɓar nan take. Majami'arsu ta masu tsanani ce: ba ɗan kunne, ba jan baki, wanda fasto ya nuna shi ake zaɓa. Duk na san wannan, na yi kunnen uwar shegu da zuciyata.

Inna tana da hawan jinin ido. Likita ya ba ta maganin ɗigawa safe da yamma, ya ce ranar da ta bari, ganin zai fara tafiya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Bayan zaɓe da 'yan watanni na kira ta ta bidiyo, bayan la'asar. Na ga tana karkata kai tana nemana a fuskar wayar. Na tambaye ta maganin. Ta ce ta daina, Ubangiji ya kawo wanda ya fi shi. Ta ba ni labarin yadda Onarabul ɗin nan da ya zo shagonmu, Musulmi guda, ya zo majami'arsu ya durƙusa a gaban bagadi yana hawaye aka yi masa addu'a, kowa ya ce wannan ba shi da nisa da mulkin Allah. Na san hawayen, na ga lokacin da ake gwajinsu. Fasto ya raba man da ya kawo, ya ce wanda ya haɗa shi da maganin asibiti ya nuna shakka. Sai ta laluba ƙarƙashin matashi ta ɗago min kwalba mai koren murfi, saura kaɗan a gindinta.

Na ga in na yi shiru zan tsira da mutuncina a wurinta, ita kuma ta makance. Na ce, "Inna, ki koma asibiti gobe. Man nan na girki ne, daga shagonmu ya fito. Ni na ɗura shi."

Ina jin kajinta a bayan ɗaki.

Sai ta ce, "Kin san inda za a kai shi?"

"Na sani, Inna."

"Kin kuma san a nan nake sujada."

Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni ɗin.

Ta koma asibiti. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama aka ceto abin da ya saura. Mutumin ya ci zaɓensa, ya dawo Umarar godiya, har ya aiko sakataren neman wata tsarabar, na ce da mijina in ya shigo shagon nan ni zan fita. Ƙyamarsa ba ta ba ni wahala. Wadda take hana ni sakewa ita ce ƙyamar kaina.

Har yau ina kiran Inna duk Lahadi bayan ta dawo daga majami'a. Tana ɗauka, tana tambayar jikokinta ɗaya bayan ɗaya, tana sa musu albarka. Amma da na kunna hoton sai ta ce, "Kashe shi, 'yata. Murya ta isa."