Rawanin Lebura

Shekarar da Bature ya sa a share hanyar Jega zuwa Maiyama, aka kwashi mazan Aliero, har da kawuna. Ya dawo kafaɗu duk kanta, yana taƙama wai Bature ya naɗa shi lebura. Har rawani ya aro.

Taƙamar ta ishe ni, na tambayi tafinta a kasuwar Jega. Ya ce Turanci ne, sunan wanda ake sa shi haƙa da dako, ba sarauta ba.

Na jira sai da maƙwabta suka taru gaishe shi, sannan na faɗa. Aka fashe da dariya. Kawu ya kwance rawanin a hankali. Har ya mutu yara na bin sa da "Ranka ya daɗe, Lebura!"