Farin Yadi a Baƙar Leda

Yana tsaye a shagon Alhaji Halilu mai yadi, dogon mutum, baƙon fuska a unguwar Briketeri. Idanunsa jawur, rigarsa tana warin magani irin na wanda ya daɗe yana jinyar wani. Likkafani yake nema wa matarsa, amma bai san mita nawa ba. Sai ya dafa tasa kafaɗar.

"Iyakar tsayinta ke nan."

"Allah ya jiƙanta," in ji Alhaji.

"Tukuna, Alhaji. Ita ta aiko ni. Tana so ta gan shi da idonta."

Alhaji ya auna farin yadi ya yanka. Da alama akwai yara a gidan mutumin da ba ya so su gani, don ana naɗe masa ya ce a hankali, "A sa mini a baƙar leda."