Bidiyon Yaya Lawali ya wuce inda yake tsayawa

'Yan uwa, yau na ji muryar Yaya Lawali.

Kun san tsohuwar ordinatarsa, kwamfutar nan mai kaurin jiki, wadda yake yawon aikin foraj, wato haƙar rijiyar burtsatse, da ita. Tun rasuwarsa akwai bidiyonsa a bakin tafkin Gidimuni da muke son gani, amma kullum sai ordinatar ta cije a tsakiya. Gobe sunan yaron da matarsa Hadiza ta haifa a bayansa. Ta ce tana son ganin fuskarsa kafin taron.

Na kai wa Malam Sani mai gyara a Birni. Na ce ya ƙara mata memwa, wato ƙwaƙwalwa, ta kai giga takwas.

Ya ce, "Musa, masu ƙera ta, giga huɗu suka yanka mata. Tana iya ƙin tashi."

Na ce, "Malam, sa mata. Allah na nan."

Ya sa, ya kunna. Allon ya yi baƙi ƙirin, har na fara salati. Can sai ga haske!

Na kawo gida, muka zauna da Inna da Hadiza. Bidiyon ya zo wurin nan da yake tsayawa, ya wuce abinsa. A ciki, abokin aikin Yaya ya tambaye shi wane suna zai sa in an haihu.

Yaya ya yi dariya ya ce, "In namiji ne, sunan ƙanena Musa zai ci."

Mu kuwa Lawali muka shirya sa masa.

Inna ta share hawaye ta ce, "Uban ɗa ya yi magana. Je ka gaya wa liman."