Rigar Zabo da Ƙyallayen Sharaɗa

Wanda ya tashi a Sharaɗa zamanin da masaƙu ke aiki ka'in da na'in ya san ba ruwanmu da agogo. Jiniyar kamfani ce ke tashinmu, ita ke gaya wa mata su ɗora tukunya, ita ke sanar da mu maza sun taso. Da ta yi kuka sai titi ya cika da kekuna, mutanen Gumel da na Haɗeja da na Damagaram, ga 'yan Kafanchan da 'yan Filato, kowa da kwanon abincinsa ɗaure a kariya. Babanmu yana cikinsu. Injin buga atamfa yake kula da shi a wata masaƙa, kuma in ka ga yadda yake goge kekensa da safe, sai ka rantse shi ne mai kamfanin.

Kakarmu, mahaifiyarsa, Iya muke ce mata. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, amma ga baki kamar reza. Sana'arta bargon ƙyalle. Kowace Asabar Baba zai dawo da ƙunshin yanke-yanken atamfa da ake zubarwa a wurin aikinsu, ita kuwa ta baje su a tabarma, ta ware ja daban, shuɗi daban. Sai ta shimfiɗa yadin akoko, ta ɗora tsofaffin zannuwa biyu a kai don kauri, sannan ta shiga jera ƙyallaye tana bi da allura. Wasu matan haɗa ƙyalle kawai suke yi yadda ya zo. Iya kuwa unguwarmu take zanawa. A bargonta za ka ga bututun kamfani da hayaƙinsa na farin yadi, ga tukunyar mai koko a bakin get, ga kekuna a jere, ga a-kori-kura ta ɗauko diloli. Mai rai ne kaɗai ba ta sawa. Na taɓa tambayarta ina masu kekunan, ta ce, "Suna ciki suna aiki. In na ɗinka mutum, ke za ki hura masa rai ranar Alƙiyama?"

Ma'aikata ne ke saye in za su gida hutun sallah ko na kirsimeti, don su nuna wa tsofaffinsu inda suke neman abinci. Sai dai kaɗan ne suka san da ita. Iya ba ta fita, ba kuma ta ɗora mana talla, sai wanda ya ji labari ya zo ya yi sallama.

Baba ɗan farinta ne, Iya kuwa mutuniyar da ce. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Mai keke" take ce masa, shi ma ta bakinmu. Yana zaune taku uku da ita za ta ce, "Binta, ki ce wa mai keke ruwan randa ya ƙare." Ni Bintan sai in juya in maimaita masa abin da ya riga ya ji da kunnensa. Ina yarinya abin nan yana ba ni haushi matuƙa. Wallahi na ɗauka ba ta ƙaunarsa ne.

In an yi magariba an kwashe tuwo, ba a kashe wutar murhu a gidanmu. Iya za ta jawo kujerarta kusa da garwashi, ɗinki a cinya, fitila a gefe, mu kuma mu kewaye ta, ni da ƙanena Sani da 'ya'yan maƙwabta biyu. Ta jefa mana masara ko gyaɗa a toka, sannan ta gyara murya ta buɗe tatsuniya da irin salonta. "Ga wata baƙuwa nan ta iso, wa zai ba ta tabarma?" Mu ce, "Ta shigo mu ji ta!" Baba kan zauna can ƙofar ɗakinsa a kan buzu, yana cin tuwo yana murɗa rediyo, kamar ba ya jin mu.

A daminar da nake aji biyar kamfanoni suka fara rage ma'aikata. Yau ka ji an sallami na Bompai, gobe na Challawa. Mu dai hankalinmu kwance, don Baba yana fita da jiniya, yana dawowa da jiniya. Wata Asabar Iya ta kwance ƙunshin da ya kawo, ta kai hanci ta shinshina. Sai ta ɗago ƙyalle ɗaya ta ce, "Ke 'yar boko, zo ki karanta min wannan."

Na ce, "Ƙyalle ne mana, Iya."

"Kan kifi! Dubi gefensa."

Na duba, na ga a lanƙwashe yake.

"Injin kamfani a miƙe yake yanka," in ji ta. "Wannan wuyan riga ne, wancan hammata. Sharar teloli ce, ko ƙanshin rini babu." Ta ƙulle ƙunshin a hankali. "Kada ki kuskura ki ce na ce."

Ashe an sallami Baba, yana fita ne kawai ya wuni a inuwar wani shago, ran Asabar ya bi teloli yana roƙon shararsu don kada uwarsa ta gane. Ranar Laraba ina wanke-wanke a bayan ɗakin Baba na ji sauran labarin. Ummanmu tana ce masa, "Sati uku ke nan, Malam. Har yaushe za a ɓoye?" Ya ce ba sai an ɓoye ba, jibi Juma'a zai hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, an ce ana ɗaukar lebura a tashar jiragen ruwa. Umma ta fashe da kuka. Mutum biyu ne suka tafi daga layinmu, ɗaya ya aiko wasiƙa sau ɗaya, ɗayan ko ita bai aiko ba. Ta ce ga barguna bakwai Iya ta gama suna ninke a adaka, me zai hana ya kai su bakin get lokacin da ake tashi? Baba ya ce, "Ni? In tsaya a get ɗin da nake shiga da kaki, ina tallan tsumma? Gara in tafi inda ba a san ni ba."

Ko kwanukan ban ɗauraye ba na ruga wurin Iya na zayyana mata. Ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Na ji."

"Kun ji kawai? Ku yi masa magana mana, Iya! Ɗanku ne fa!"

"Rufe min baki, marar ta ido. Zo ki zura min zare."

Na zura zaren ina hawaye. Ranar na ji haushin tsohuwar nan kamar in mutu.

Washegari Alhamis an yi ruwa da la'asar, garin ya yi sanyi, muka taru a bakin murhu bayan magariba. Baba yana kan buzunsa, tuwo a gabansa bai taɓa ba, rediyon ma a kashe. Iya ta yi gyaran murya fiye da yadda ta saba, ta kira baƙuwarta, muka ba ta tabarma.

Ta ce a can zamanin da, zabo ba shi da ɗigo-ɗigon nan. Bara ne a gidan wani attajirin tsuntsu, maigidan ya ba shi baƙar riga mai sheƙi, in ya sa ya fito sai kaji su kauce masa a hanya. Ana nan sai arzikin maigida ya karye, ya kira barorinsa ya karɓe rigunansa. Zabo ya tashi tik, ba ko gashi ɗaya. Kunya ta hana shi faɗa a gida. Kullum sai ya fita tun duhun asuba ya ɓuya a ciyawa, in rana ta faɗi ya yi birgima a baƙar toka ya dawo, yana tafiyar nan tasa ta ƙasaita. Sani ya tuntsure da dariya, Iya ta ƙwanƙwashe shi da bayan allura.

Uwar zabo kuwa, in ji Iya, tun daren farko ta gane, don riga ba ta zuba a shimfiɗa, toka kuwa tana zuba. Ba ta ce uffan ba. Sai ta shiga bin gindin itatuwa tana tsintar gashin da tsuntsaye suka yar, na kurciya, na hankaka, na balbela, tana haɗawa ɗaya bayan ɗaya har ta tayar da riga. Ta rataye ta a bakin ƙofa. Zabo ya gani ya ce Allah ya kiyaye, shi da ya sa rigar gidan attajiri ba zai sa abin da aka tsinto ba, gara ya ƙetare kogi ya tafi inda ba a san shi ba.

"Sai uwar ta ce," Iya ta ɗan dakata, ta sake soka allura, "sai ta ce, 'Ɗan nan, can ma tsirara za ka isa. Ni kuwa na tsufa, ban da fiffiken da zan bi ka.'"

Daga nan ta ci gaba da ɗinkinta. Muka jira, muka gaji.

Sani ya ce, "To sai me? Ya sa rigar ko bai sa ba?"

"Oho. Nan ta tsaya min."

"Haba Iya! Ba a yi ƙurunƙus ba fa!"

"Yau babu shi. Wanda ya san ƙarshenta ya faɗa."

Can muka ji muryar Baba daga kan buzu, a dushe. Bai kalli Iya ba, Sani ya kira.

"Kai Sani, ba ka taɓa ganin zabo ba ne?"

"Na gani, Baba."

"Wace irin riga ce a jikinsa?"

"Mai ɗigo-ɗigo."

"To ya sa ke nan. Ku daina damun mutane."

Iya ta tura itace cikin wuta, ta daɗe tana gyara shi ko da yake ba abin da ya same shi. Sannan ta ce, "Binta, ki ce wa mai keke tuwonsa ya huce." Na juya zan maimaita, sai na ga ya riga ya sa hannu a kwano.

Ranar Juma'a jirgin Ikko ya tafi ba da shi ba. Da hantsi ya ce min, "Ki ce wa Iya ta fito min da guda uku." Ta fito da su, ta ninke kowanne yadda hoton zai fito waje, na taya shi ɗaurewa a kariya. Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Daga baya ya ba mu labarin yadda ya tsaya a bakin get har aka tashi, waɗanda ya koya wa aiki suna wucewa suna sunkuyar da kai, wani kuma ya ɗaga murya ya ce, "A'a, Malam Garba, an koma dillanci ne?" Guda ɗaya ya sayar ranar, wani mutumin Damagaram ya ɗauki mai kekuna. Biyun ya dawo da su, ya jingine keke ya shige ɗaki. Amma da Litinin ta zo ya sake ɗaurawa ya fita.

A hankali abin ya zama sana'arsa. Ya san ranar da ake biyan albashi a Bompai, ya san lokacin tashin 'yan Challawa. Ya fara karɓo saƙon masu saye, ni kuma ina isarwa duk da tana ji. Wata mata 'yar Filato ta ce a sa mata duwatsun garinsu a bayan bututun kamfani, Iya ta yi tsaki ta ce ina aka taɓa ganin dutse a Sharaɗa, sannan ta zauna ta ɗinka su da ƙyallen ruwan toka, suka yi kyau har matar ta kawo ƙawayenta. Umma ma ta koyi haɗin, ni ma na koya. Ba mu yi arziki ba, amma ba mu kwana da yunwa ba, kuma ba wanda aka cire daga makaranta.

Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kada mutum ya raina sana'a. Haka nake gaya wa 'ya'yana, kuma ba ƙarya ba ne. Sai bayan rasuwar Iya da shekaru, Baba ya tsufa har ba ya iya hawa keke, na zauna kusa da shi wata rana ina tsokanarsa. Na ce, "Baba, wai da gaske labarin zabo ne ya hana ku tafiya Ikko?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Wane zabo? Ni yaro ne? Tun da ta buɗe baki na san da ni take, kuma na riga na ƙudurta ko me za ta faɗa sai na tafi." Ya murza carbinsa. "Amma da ta zo wurin da uwar ke cewa ba ta da fiffiken da za ta bi shi, sai muryarta ta yi rawa. Ke ba ki ji ba, kina ta cin gyaɗa. Binta, na ga ranar da aka fito da gawar mahaifina, na ga ranar da ta binne ƙannena biyu, ban taɓa jin muryar Iya ta yi rawa ba sai ranar nan. Ina zan tafi?"

Shekara da shekaru ina tsakaninsu ina kai saƙo, ina ganin ba don ni ba da ba su ji juna ba, ashe maganar da ta fi kowace nauyi ta wuce ta kaina ban ko sani ba. Na samu uba a gida har ya aurar da ni, har ya yi wa 'ya'yana huɗuba, kuma tsohuwar nan da na zarga da rashin ƙauna ce ta tsayar min da shi. Ban gode mata ba tana da rai, don ban san akwai abin godiya ba. Allah Ya jiƙan Iya, Ya kai mata godiyar da na makara da ita.