Ranar da Labbo Mai Kifi Ya Bi Zakaru Zuwa Kaoje

A Illo, idan ka ce kana neman Labbo, za a tambaye ka wane Labbon. Idan ka ce mai keke, shi ke nan, kowa zai nuna maka gidan. Mutum ne dogo siriri, ya haura sittin, ƙafafunsa duk jijiya. Sana'arsa ɗaya ce tun yana saurayi: ya sayi bandar kifi wajen masunta a bakin kogin Kwara, ya ɗaure kwalaye a bayan keke, ya tsallaka da su kasuwannin Benin, wadda har yau shi Dahome yake ce mata. Jandarmomin can, masu tsaron hanya, sun san shi, wasu ma ubanninsu ne suka fara tsare shi a hanya.

Asalinsa ɗan Kaoje ne, gidan masunta. Yana yaro jirgi ya kife da su, aka ciro shi da ƙyar, tun daga ranar ya tsani ruwa. Mahaifinsa ya yi faɗa ya gaji, a ƙarshe ya saya masa tsohon keke ya ce tunda ba zai kama kifi ba, to ya je ya sayar da wanda 'yan'uwansa suka kamo.

A kan keken nan ne ya gano abin da Allah ya ba shi. Wata shekara aka shirya tseren keke a Bagudo, aka ce waɗanda suka yi fice za a kai su birni a horar da su. Labbo ya zo na ɗaya, wani ɗan makaranta mai suna Muktar ya biyo shi. Amma kafin ranar tafiya ruwa ya ci gonar shinkafarsu, mahaifinsa kuma ya kwanta ciwo. Muktar aka ɗauka. Daga baya Labbo ya riƙa jin sunansa a rediyo, yau ya ci a nan, gobe a can. Duk lokacin da ya ji, sai ya ƙara sautin rediyon.

A rediyon ne kuma, bara bayan ambaliya, ya ji sanarwa. Wata ƙungiyar agaji za ta kawo tsoffin zakarun tseren keke su hau daga Bagudo zuwa Kaoje, don a tara wa manoman da ruwa ya cinye wa gonaki taimako, kuma duk mai keke yana iya shiga. Cikin sunayen da aka ambata har da Alhaji Muktar.

Matarsa Hajjo tana tankaɗe lokacin da ya faɗa mata.

"Malam, ranar kasuwa ce hwa," in ji ta. "Kifin nan wa za shi kai shi?"

"Kifi shina jira."

"Kai da gwiwarka ke hana ka tashi da safe? Mi za ka nema wurin?"

"Ina son in hau kusa da Muktar. Sau guda ɗai."

Ta dube shi, ta ci gaba da tankaɗenta. Da zai tafi dai ita ce ta ƙulla masa fura a gora.

Ya canza sarƙa, ya sa sabuwar taya a baya, ya wanke keken har ya fara ƙyalli. Ana gobe hawan ya kama hanyar Bagudo a kan keken nasa, ya ƙi shiga mota, wai kada ƙafa ta yi sanyi. Ya sauka gidan ɗiyarsa Firdausi, wadda ke aure a can.

An ce da sassafe za a tashi, don haka yana idar da sallar asuba ya nufi filin. Bai tarar da kowa ba sai masu kafa rumfa. Rana ta fito, masu kekuna na gari suka taru, aka jera buhunan shinkafa da tabarmi a gaban rumfa. Can hantsi sai ga wata doguwar mota ɗauke da kekuna a samanta, sirara, kamar iska za ta kwashe su. Zakarun suka fito sanye da riguna masu ɗaukar ido da hulunan kwano. Labbo ya yi ta leƙe, da ƙyar ya gane Muktar. Ya yi ƙiba, gemunsa ya yi fari, yana ɗan ɗingishi.

Ya tura kekensa zai matsa, sai wata matashiya mai riƙe da lasifika ta tare shi. Hafiza sunanta, ita ke tsara taron.

"Sannu Baba. Daga Kaoje kake?"

"Can aka haife ni, ɗiyata."

"Madalla! Zo nan ka tsaya kusa da buhun nan. Idan ciyaman ya iso za a miƙa maka, a ɗauki hoto."

"Ni ba karɓa na zo yi ba. Hawa na zo yi."

Ta dubi keken, da kujerar kaya ta ƙarfe da igiyar roba a naɗe, ta dube shi. Ba da raini ta yi maganar ba, gajiya ce a fuskarta.

"To Baba, ba laifi. Amma sahun gaba na baƙi ne masu hular kwano. Ku mutanen gari kuna bayan motar masu hoto. Kada kowa ya wuce motar, don Allah."

"Magana ɗai nike son yi da Alhaji Muktar."

"Bayan jawabi, Baba."

Ciyaman bai iso ba sai da rana ta take tsaka. Aka yi addu'a, aka yi jawabi, wani ya tashi ya gode wa wanda ya yi jawabin, wani kuma ya gode wa mai godiyar. Baƙi suna cikin inuwa ana ba su ruwan sanyi. Labbo yana tsaye a rana riƙe da kekensa, yana jin gwiwarsa tana ƙara sandarewa. Da yawa cikin masu kekunan gari suka gaji suka koma gida. Ana gama jawabin ƙarshe aka busa usur, zakaru suka hau, ko kusa da Muktar bai samu zuwa ba.

Tafiyar ma ba ta yi kama da abin da ya kwana yana tunani ba. Motar masu hoto tana tafiya kamar mai rakiyar amarya, hayaƙinta yana dukan fuskarsu. Kowane ɗan lokaci sai ta tsaya a ce zakaru su koma baya su sake tahowa, hoton bai yi kyau ba. Labbo da ya saba idan ya ɗora ƙafa a feda ba ya saukewa sai bakin iyaka, sai ga shi yana ta kama birki. A bakin wata gada aka tsaya har sau biyu. Ransa ya ɓaci.

Bayan gadar hanya ta miƙe, ya ga sarari ta gefen hagu. Bai yi shawara da kowa ba, ya duƙa ya taka. Ya wuce motar, ya wuce na ƙarshen baƙin, iska ta fara shiga rigarsa. Sai ga wani ɗan kabu-kabu a kan babur da aka sa kula da sahu ya sha gabansa yana ɗaga hannu.

"Baba, koma baya! Kana ɓata hoto!"

"Hanyar ta ubanka ce?" in ji Labbo, abin da bai saba faɗa wa kowa ba.

Ya kauce masa ya ci gaba, yana duban fuskokin zakarun ɗaya bayan ɗaya har ya kai na gaba. Babu Muktar. Ya tambayi wani, aka nuna masa baya da yatsa. Ashe tun a gada ƙafar Muktar ta hana shi, an ɗora kekensa a sama, shi kuma ya shiga doguwar motar.

Labbo ya tsaya a gefen hanya. Kowa ya wuce shi, har mutanen garin da ya bari a baya. Da doguwar motar ta iso, ya hau ya jera da ita. Muktar yana zaune kusa da taga, ya miƙe ƙafa a kan kujera.

"Alhaji Muktar!"

Muktar ya leƙo. "Na'am Baba, sannu da ƙoƙari."

"Baba? Ni ne Labbo. Labbo na Kaoje. Tseren Bagudo."

Muktar ya ƙura masa ido, motar tana tafiya, Labbo yana takawa. Can ya dafe baki.

"La ilaha illallahu! Mai baƙin keke? Wanda ya wuce ni wajen kwanar kasuwa? Ashe kana nan da rai! Wallahi na yi ta cigiyarka a wancan lokacin, aka ce ka bar gari."

"Illo na koma. Sauko mu hau, ko kaɗan ne. Don wanga na zo."

Muktar ya ɗaga ƙafar wandonsa. Gwiwar ta kumbura, ga tabon aiki a kanta.

"Ka gani? Likita ma ya hana ni. Masu taron sun ce in zo ne kawai a ga fuskata. Shigo mota mu yi hira."

Labbo ya girgiza kai. Bai shiga ba, bai kuma wuce ba. Haka suka tafi har Kaoje, ɗaya a taga ɗaya a kan keke, suna ɗaga murya saboda ƙarar inji. Rabin abin da Muktar ya faɗa Labbo bai ji ba.

A Kaoje mutane sun cika hanya. Aka raba shinkafar da tabarmin, kuma sun isa hannun waɗanda suka dace, har da wata ƙanwar Labbo, Mariyamu, da ruwa ya rushe wa ɗaki. Wannan ya ɗan sanyaya masa rai. Muktar ya kama hannunsa zai kai shi gaban lasifika ya gabatar da shi, sai Hafiza ta ce lokaci ya ƙure, dole baƙi su koma kafin la'asar ta yi nisa. Aka tura Muktar cikin mota yana cewa zai kira shi, alhali bai karɓi lambarsa ba.

Labbo ya kwana gidan Mariyamu. Washegari gwiwarsa ta ƙi lanƙwasuwa, dole aka ɗora keken a saman motar haya aka kai shi Illo. Ya tarar da wani sashe na kifinsa ya fara tsutsa, masu sayensa na can ƙetare kuma sun saya wajen wani mai babur.

Ya daɗe a kwance. Babban ɗansa Sufyan ya zo daga Bagudo ya ce lokaci ya yi da zai ajiye keken, shi zai ɗauki nauyin gidan. Labbo ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce a ba shi man zafi. Da ƙafar ta sake shi ya koma hanya, sai dai yanzu rabin kayan da ya saba ɗauka yake ɗaurawa, kuma kasuwa ɗaya kawai yake ci a mako. Sauran ranakun yana zama a ƙofar gida, yana gyaran kwalayensa, yana mita game da tsadar taya.