Ta'aziyyar Fidelis, Mai Sauraron Katakon Gidan Gurza

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata 15 ga Afrilu, bayan la'asar, Agatha ta aiko mini cewa mijinta Fidelis kafinta ya cika. Ni Baƙo ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini ko kalma ɗaya.

Fidelis, tare muka shiga gidan gurzar auduga na kamfani, kai daga Rijau, ni ina dakon buhu. Ginin jan dutse ne, kaurin bangonsa kamu uku. An kai tagoginsa can sama don ƙurar auduga ta fita, tartsatsi kuma kada ya shigo. Ƙofarsa ta ƙarfe a kan dogo take tafiya. Jakunan da ke kawo auduga daga Ibeto da Nasko har bakin titi suke layi. Da inji ya tsaya, aka kwance shi aka sayar, kowa ya watse, sai kai.

Duk shekara kafin ruwan fari kakan hau tsani da 'yar gudumarka, ka ƙwanƙwasa gumaguman maɗacin da ke riƙe da kwanon rufi, ɗaya bayan ɗaya, ka kara kunne. Wanda gara ta ci ta ciki, amonsa daban ne. Ba wanda ya sa ka. Ranar da na ce ka tsufa da hawa, ka ce, "Baƙo, kurma kamarka me ya sani? Riƙe mini tsani kawai."

Bana ka sauko ba ka yi mini tsiya ba. Ka ce gungume biyu sun mutu, za ka tokare su bayan bikin Ista. Ban tambaye ka waɗanne ba. Guda goma sha takwas ne, a ido duk lafiyarsu ƙalau.

Yanzu mata kusan arba'in ke sussukar masara a ƙarƙashinsu, wasu da goyo. Na gaya wa mai wurin, ya ce ginin Turawa ba ya faɗuwa. Na hau da kaina na buga, ban ji komai ba. Jiya hadari ya haɗo ta gabas, na tsaya a ƙofa na ce su fito. Asibi shugabarsu ta ce, "Baba, mu fito ruwa ya ci masarar?" Ba su fito ba. Gobe ma zan tsaya.

Allah ya sa ka huta, Fidelis. Ya ba Agatha da 'ya'yanka Meshach da Jessica haƙurin rashinka. Wanda duk ya taɓa koyon wannan sauraro a wurinka, don girman Allah ya zo kafin ruwa ya zauna.