Uwar Gansakuka Ta Tafkinmu

Kullum da sassafe, kafin ta wuce makaranta, sai Malama Barira ta biya ta tafkin garinmu da kwalba a hannu. Ta tsuguna ta ɗebi ruwa, ta ɗaga shi sama tana hararar sa kamar ya yi mata laifi. Mutanenmu na ƙasar Ɗambatta ba sa ganin abu su ƙyale, suka laƙaba mata Uwar Gansakuka.

Malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata, kuma a watan nan take ritaya. Da ƙuruciyarta ta yi aiki a wani ɗakin bincike a bakin teku, can kudu. A can ta san koren da ke cikin ruwa ba ƙazanta ba ne, tsirrai ne mitsi-mitsi, su ne abincin 'ya'yan kifi. A can kuma ta ga yadda wani ɓurɓushi da ya fi garin kwalli laushi nesa ba kusa ba, irin wanda ke cikin fenti da man shafawa, yake manne wa tsirran nan ya tare musu rana har su mutu.

Shekarar da tafkinmu ya washe kowa murna yake, mata suna cewa wanki ya yi daɗi. Ita kaɗai hankalinta ya tashi.

"Haba Malama, ruwa ya yi garau kina ɓata rai?" in ji Nababa masunci.

"Nababa, yaushe rabonka da ganin 'ya'yan karfasa a bakin gaɓa?"

Sai ya juya yana leƙen bakin gaɓar, don da tafkin nan yake ciyar da gidansa.

Ba ta zauna ba. Ta bi kwatar da ke gangarowa tafkin har wurin Dabo mai fenti da wankin babura, ta ce masa tana zargin ɓurɓushin da ke cikin ruwan fentinsa ne ke kashe koren tafkin. Dabo ya ce, "To nuna min abin in gani."

Ta ce, "Ko madubin duba ƙananan halittu na makarantarmu ba ya ganin sa. Ba zan rantse kai kaɗai ne ba, amma ka juya kwatar nan mu gani."

Ya ƙi. Ta dawo, ya ƙi. Ta kai maganar gaban mai unguwa, aka ce za a duba. Ranar wata Asabar masu kai babura wanki suka tarar da ita da shebur tana haƙa ramin da ruwan fentin zai riƙa taruwa. Dabo ya ji kunya, ya ce, "Don Allah Inna kawo, kada a ce na sa sa'ar uwata haƙa."

Malama, ke ce kika tsaya wa abin da ido ba ya gani, ana yi miki dariya kina ɗibar ruwanki. Ke ce kika hana mu murnar da ba ta da tushe. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Amma raina bai kwanta ba. Bana kore ya ɗan dawo ta gefen gabas kawai, komar Nababa har yanzu ba ta nauyi, akwai kuma wasu kwatocin da ba wanda ya bi. Gwiwoyinki sun fara ƙin tsuguno. Jiya na ga kin miƙa hannu da kwalbar kin kasa kaiwa ga ruwan, kin tsaya kina waige-waige. 'Yan matan da kika koyar, da mu da muke cin kifin, wani a cikinmu ya sauka ya karɓi kwalbar nan gobe da safe.